Ƙurar Asbestos da Sankarar Tantanin Ciki: Yadda Likitan Inshora Ke Auna Da'awar Diyya

Gabatarwa

Yawancin raunukan da ma'aikaci ke samu a bakin aikinsa ba su da wuyar shaida. Idan inji ya datse wa mutum yatsa, ko katako ya faɗo masa a ka, ranar da abin ya auku sananniya ce, wurin sananne ne, shaidu kuma suna nan da ransu. Saboda haka in an zo maganar diyya ba a daɗewa ana ja-in-ja. Amma akwai wata cuta wadda ba ta bin wannan tsari ko kaɗan. Mutum zai shaƙi ƙura yana saurayi ɗan shekara 20, ya yi aure, ya hayayyafa, ya bar aikin, kamfanin ma ya rushe, sa'an nan yana ɗan shekara 60 cikinsa ya fara kumbura. Sunan cutar mesoteliyoma, wato sankarar da ke kama tantanin da ya shimfiɗe ƙirji ko ciki. Ƙurar kuwa ita ce ta asbestos.

Makasudin wannan maƙala shi ne a bayyana wa mai karatu yadda wannan ƙura ke haddasa sankara a tantanin ciki, da kuma yadda likitan da hukumar inshora ta ɗora wa alhakin bincike yake auna da'awar wanda ya kamu. Za mu ga cewa a irin wannan shari'a, tarihin aikin da mutum ya yi shekaru da dama da suka wuce shi ne babbar shaida, kuma shi ne abin da ya fi saurin ɓacewa.

Mene ne asbestos?

Asbestos suna ne da ya tattara ma'adinai iri 6 da ake haƙowa daga cikin duwatsu. Abin da ya haɗa su shi ne, in an farfasa su sukan rabu zare-zare kamar auduga. Zaren ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, wutar lantarki ba ta ratsa shi, ga shi kuma da araha. Wannan ne ya sa masana'antu suka rungume shi tun daga ƙarshen ƙarni na 19. An cuɗa shi da siminti an yi kwanon rufi da silin da bututun ruwa, an naɗe tukwanen tururi da bututansu da shi a jiragen ruwa da tashoshin wuta, an kuma sa shi a lainin birki da kulocin mota.

Iri 3 ne suka fi shiga kasuwa. Akwai fari, mai suna kirisotayil, wanda zarensa ke da laushi da lanƙwasa, kuma shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na duk asbestos ɗin da aka yi amfani da shi a duniya. Akwai shuɗi, mai suna kurosidolayit, wanda aka haƙa a Afirka ta Kudu da garin Witenum na Ostareliya. Akwai kuma ruwan ƙasa, mai suna amosayit, wanda aka haƙa a Afirka ta Kudu. Waɗannan biyu na ƙarshe zarensu miƙaƙƙe ne kamar allura, yana ɗauke da ƙarfe, kuma yana iya zama cikin jikin mutum shekaru da dama bai narke ba. A 2000 masana biyu na Ingila, Hodgson da Darnton, sun ƙiyasta cewa wajen haddasa mesoteliyoma, idan ƙarfin fari 1 ne, na ruwan ƙasa 100 ne, na shuɗi kuwa 500. Duk da haka, hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa kowane iri yana jawo sankara, har da farin.

Tantanin ciki da aikinsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar rago ya ga wata fata siririya mai sheƙi da santsi wadda ta lulluɓe hanji da tumbi da hanta, ta kuma shimfiɗe bangon ciki daga ciki. Wannan ita ce tantanin ciki. Mayafin kitsen nan da ke rufe da hanji shi ma ninki ne daga cikin ninkin wannan tantani. A jikin babban mutum, in da za a baje shi, faɗinsa ya kusa kai faɗin fatar jiki baki ɗaya. Fuskarsa jeri ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta masu faɗi, waɗanda ke fitar da ɗan ruwa mai yauƙi domin kayan ciki su riƙa zamewa a kan juna ba tare da gogayya ba. Irin wannan tantani ne ya lulluɓe huhu, shi ne kuma ya kewaye zuciya.

Mesoteliyoma tana tasowa ne daga waɗannan ƙwayoyi. Mafi yawanta a tantanin huhu take fitowa. Ta tantanin ciki ita ce ta biyu, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu cutar. Ba ta cika yin dunƙule guda kamar sauran ƙari ba. Takan bazu ne a kan tantanin kamar an watsa gero, daga baya ta yi kauri ta manne hanji da juna, ruwa kuma ya taru a ciki. Alamominta su ne kumburin ciki, da ciwon ciki maras takamaiman wuri, da saurin ƙoshi, da rama. Mai karatu zai lura cewa babu ko ɗaya daga cikinsu da ta keɓanta da wannan cuta, kuma nan ne wahalar ta fara.

Yadda ƙura ke kaiwa ga ciki

Zaren da ke da haɗari shi ne wanda ido ba ya gani. Masu auna ƙura a masana'antu suna ƙirga zaren da tsawonsa ya wuce maikron 5, kaurinsa kuma bai kai maikron 3 ba. Maikron ɗaya kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita, kuma gashin kai ɗaya ya kai maikron 50 ko fiye. Zare mai wannan siranta yakan wuce gashin hanci da majinar maƙogwaro ya isa can ƙuryar huhu.

A cikin huhu akwai wasu ƙwayoyin halitta masu aikin shara, waɗanda ke haɗiye duk wani baƙon abu su narkar da shi. Idan suka gamu da dogon zaren asbestos sai ya fi ƙarfin bakinsu. Ƙwayar takan yi ta ƙoƙarin haɗiye shi ta kasa, tana zubar da sinadarai masu ƙuna a kewayenta, har ta mutu, wata ta zo ta ɗora daga inda ta tsaya. Haka za a yi ta yi shekara da shekaru. Wannan kumburi na dindindin, tare da sinadarai masu lahani da ƙarfen jikin zaren ke haifarwa, suna ɓata ƙwayoyin gadon da ke tsakiyar ƙwayoyin tantanin. Ɓarnar takan taru kaɗan-kaɗan, har ranar da wata ƙwaya guda za ta ƙwace daga dokar da ke hana ta hayayyafa ba iyaka. Abin da ya sa cutar ke ɗaukar shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana ke nan.

To, yaya zaren da aka shaƙa ta hanci yake isa ga ciki? Masana sun ambaci hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta ƙananan magudanan ruwan jiki waɗanda suka ratsa shamakin tsokar da ya raba ƙirji da ciki. Ta biyu ita ce ta haɗiye majinar da ta kwaso zare daga huhu, zaren ya huda bangon hanji ya fita. Abin da aka tabbatar a ɗakin gwaji shi ne, an samu zaren asbestos a cikin mayafin kitsen hanji na mutanen da suka yi aiki da shi.

Yadda aka gano dangantakar

Abin mamaki, masu inshora sun farga tun da wuri. A 1918 Frederick Hoffman, masanin ƙididdiga na kamfanin inshora na Prudential, ya rubuta a wani rahoton gwamnatin Amurka cewa kamfanonin inshorar rai na Amurka da Kanada sun saba ƙin karɓar ma'aikatan asbestos, saboda suna ganin sana'ar tana cutar da lafiya.

A 1924 wata mata mai suna Nellie Kershaw, mai kaɗa zaren asbestos a masana'antar Turner Brothers da ke Rocdel a Ingila, ta rasu tana da shekara 33 bayan huhunta ya ƙandare. Labarinta darasi ne ga batunmu. Da likitanta ya rubuta cewa gubar asbestos ce ke damunta, asusun inshorar lafiya ya ƙi biyanta kuɗin jiyya, a kan cewa cutar aiki ce, sai ta nemi diyya wurin kamfani. Kamfanin kuma ya ce bai san da wata cuta mai wannan suna ba. Haka ta rasu ba ta samu ko ɗaya ba. Binciken da Dokta William Cooke ya yi wa huhunta shi ne ya buɗe ƙofa, har Ingila ta kafa dokar kare ma'aikatan asbestos a 1931.

Dangantaka da mesoteliyoma kuwa daga Afirka ta fito. A wani asibitin tarin fuka da ke Kimbali a Afirka ta Kudu, Dokta Sleggs ya lura cewa wasu marasa lafiya da ake wa maganin tarin fuka ba sa samun sauƙi, kuma daga yanki ɗaya suke fitowa, wato inda ake haƙar shuɗin asbestos. A 1960 shi da Dokta Wagner da Dokta Marchand suka buga bayanin mutum 33 masu mesoteliyomar tantanin huhu, 32 daga cikinsu sun cuɗanya da wannan ƙura, wasu ma ba su taɓa aiki a mahaƙa ba, kusa da ita kawai suka zauna. A 1965 Newhouse da Thompson suka nuna a Landan cewa cutar tana kama mazauna kusa da masana'anta, da iyalan da ke zaune da ma'aikaci mai dawowa gida da ƙura a tufafinsa. A Amurka kuma Dokta Irving Selikoff ya bi diddigin masu naɗe bututun tururi su 17,800 tun daga 1967. A cikin waɗannan mutane, waɗanda suka sha ƙura mai yawa ƙwarai, mesoteliyomar ciki ta fi ta huhu yawa, akasin yadda take a cikin sauran jama'a.

Tambaya ta farko: shin cutar ce?

Idan da'awa ta zo gaban likitan inshora, tambayoyi 3 yake bi ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ita ce tabbatar da sunan cutar. Hoton ciki yana nuna ruwa da kaurin tantani, amma ba ya faɗin ko mene ne. Gwajin ruwan da aka zuƙo shi ma sau da yawa ba ya wadatarwa. Dole ne a saka na'urar leƙe ta ɗan ƙaramin rami a bangon ciki a yanko ɗan nama, masanin cututtuka ya duba shi da madubin ƙara girma, ya kuma rina shi da wasu sinadarai na musamman. Ƙwayoyin tantani suna amsa rini irin su kalretinin, alhali sankarar da ta taso daga hanji ko tumbi ko ƙwan mace ta bazu zuwa tantani tana amsa wasu rinin dabam.

Wannan rarrabewa tana da muhimmanci saboda dalilai biyu. Na ɗaya, cututtuka da yawa suna kama da ita: tarin fukan ciki, da ƙandarewar hanta, da sankarar ƙwan mace. Selikoff ya gano cewa a takardun shaidar mutuwa na ma'aikatan da ya bincika, an sha rubuta wata sankarar ciki dabam alhali mesoteliyoma ce ta kashe mutumin. Hasali ma cutar ba ta samu lambarta ta kanta a kundin cututtuka na duniya ba sai a bugu na 10, wanda aka fara aiki da shi a 1994. Na biyu, akwai wasu ƙari na tantanin ciki masu sauƙin hali, waɗanda suka fi fitowa ga mata masu ƙuruciya, ba sa saurin yaɗuwa, kuma ba a tabbatar da dangantakarsu da asbestos ba. Likitan inshora ba ya sa su layi ɗaya da mugun iri.

Tambaya ta biyu: shin ya shaƙi ƙurar?

Nan ne tarihin aiki ke shigowa. Ana zama da majiyyaci a bi rayuwarsa tun daga koyon sana'a: ina ya yi aiki, a wace shekara, me yake yi da hannunsa, wa ke aiki kusa da shi, akwai ƙura ko babu, wa ke wanke masa kayan aiki. Kafinta mai yanka silin da zarto, da mai gyaran famfo, da mai haɗa wuta, da makanikin da ke hure ƙurar birki, da yawansu ba su ma san sunan abin da suke taɓawa ba. Daga wannan bayani injiniyoyi ke ƙiyasta yawan ƙurar da ma'auni mai suna shekarar zare. Shekarar zare 1 tana nufin mutum ya yi shekara guda ta aiki yana shaƙar iskar da ke da zare 1 a kowace mililita.

Jiki ma yana ba da tasa shaidar. Hoton ƙirji kan nuna wasu tabo masu kauri a tantanin huhu, waɗanda kusan tambarin asbestos ne. A naman huhu kuma ana iya ganin zaren da jiki ya lulluɓe da furotin mai ƙarfe, ya zama kamar ɗan sanda mai launin zinariya. Sai dai akwai tarko a nan. Farin asbestos yana narkewa ya bar huhu cikin ɗan lokaci, saboda haka rashin ganin zare bayan shekara 40 ba ya nuna cewa mutum bai shaƙa ba. Ganin shaidar jiki yana ƙarfafa da'awa, rashinta kuwa ba ya rushe ta.

Tambaya ta uku: shin ƙurar ce ta jawo cutar?

A 1997 masana suka taru a birnin Helsinki na ƙasar Finlan suka tsara ƙa'idojin danganta cuta da asbestos, aka kuma sabunta su a 2014. Game da mesoteliyoma, ƙa'idojin sun ce mafi yawanta asbestos ne sanadinta, kuma tabbataccen tarihin cuɗanya da ƙurar a wurin aiki, ko a gida, ko a unguwa, ya isa a danganta ta da shi, ko da cuɗanyar ta ɗan lokaci ce. Sharaɗin shi ne a samu aƙalla shekara 10 tsakanin shaƙar farko da bayyanar cutar. Wani abin lura shi ne, shan taba ba ya ƙara haɗarin mesoteliyoma, ko da yake yana ninka haɗarin sankarar huhu ga mai aikin asbestos. Saboda haka ba a kafa hujja da taba a rage wa mai wannan cuta haƙƙinsa.

To amma ta tantanin ciki ta fi jawo gardama. Ƙa'idojin Helsinki da kansu sun ambaci cewa ta fi zuwa ga waɗanda suka sha ƙura mai yawa. Wannan ya sa lauyoyin masu inshora kan ce idan ƙurar da mutum ya shaƙa kaɗan ce, ko fara ce kawai, to a nemi sanadi a wani wuri. Bugu da ƙari, a mesoteliyomar huhu maza sun ninka mata sau da yawa, amma a ta ciki adadinsu ya kusa zama daidai, kuma mata da dama ba a samo musu tarihin asbestos. Akwai kuma wasu sanadai da aka tabbatar. Wani ma'adini mai zare da ake kira eriyonayit ya hallaka mutane da yawa a wasu ƙauyukan Kafadokiya na Turkiyya. Gashin sankara da haske mai ƙarfi da aka yi wa mutum a ciki shekarun baya yana iya haifar da ita. A 2011 kuma aka gano cewa wasu iyalai suna gadon tawaya a wata ƙwayar gado mai suna BAP1, wadda aikinta shi ne taka wa sankara birki. Sai dai mai wannan tawaya ƙura kaɗan ma tana iya isarsa, don haka samun ta a jikin mutum ba ya wanke asbestos.

A nan ya kamata mai karatu ya fahimci abu guda. Babu wani gwaji da zai duba ƙari ya ce ga zaren da ya haife shi. Abin da ake nema a wajen likita shi ne rinjaye, wato ya auna ya ga ko dalilan da ke nuna asbestos sun fi waɗanda ke kore shi nauyi.

Wa zai biya?

Ƙasashe sun bi hanyoyi dabam-dabam. Jamus, wadda ta kafa inshorar haɗarin aiki tun 1884, ta bi hanyar jerin cututtuka. Tun 1977 mesoteliyomar tantanin huhu da ta ciki suna cikin jerin cututtukan sana'a, a ƙarƙashin lamba 4105. Dole ne a tabbatar da cutar da kuma cuɗanya da ƙurar a wurin aiki tabbaci cikakke, dangantakar da ke tsakaninsu kuwa rinjaye ya wadatar. Ga sankarar huhu akan nemi shekarar zare 25 in babu wata shaida a jiki, amma ga mesoteliyoma ba a sa wani adadi ba. Faransa ta kafa asusu na musamman a 2000 domin biyan duk wanda asbestos ya cutar.

Ingila ta bi ta kotu, aka kuwa sha fama. Wani kafinta mai suna Arthur Fairchild ya rasu da cutar bayan ya shaƙi ƙura a wurare fiye da ɗaya. Kotun ɗaukaka ƙara ta hana matarsa diyya, a kan cewa ba a san ƙurar wane wuri ce ta kashe shi ba. A 2002 kotun Majalisar Dattawa ta soke wannan hukunci, ta ce duk mai aikin da sakacinsa ya ƙara wa ma'aikaci haɗari a fili yana da alhaki. Sai wata rigima ta taso: wace inshora ce za ta biya, ta shekarar da aka shaƙi ƙura, ko ta shekarar da ƙari ya fito? A 2012 Kotun Ƙoli ta ce ta shekarar shaƙar ƙura. A 2014 kuma aka kafa asusu da kuɗin kamfanonin inshora domin waɗanda kamfaninsu ya rushe kuma aka rasa mai inshorarsa. Girman kuɗin da ake magana a kai ba wasa ba ne. A 1982 ƙararrakin asbestos suka sa babban kamfanin Johns-Manville na Amurka neman kariyar kotun fatara, kuma suna cikin abubuwan da suka kusa durƙusar da kasuwar inshora ta Lloyd's a Landan a farkon shekarun 1990.

Auna sauran kwana

Bayan an amince da da'awa, sai a auna girman nakasa da abin da jiyya za ta ci, a kuma ƙiyasta tsawon ran da ya rage bisa ƙididdiga, ko da yake sanin ajali na Allah ne. A da, mai wannan cuta da wuya ya wuce shekara guda. Daga baya likitocin fiɗa, musamman Paul Sugarbaker na Washinton, suka inganta wata hanya ta feɗe duk tantanin da ya kamu, sa'an nan a wanke cikin da maganin sankara mai ɗumi. Wani nazari na 2009 a kan mutum 405 da aka yi wa wannan aiki ya nuna rabinsu sun kai wata 53 ko fiye. Aikin yana da nauyi da tsada, kuma ba kowa ne jikinsa ke ɗauka ba.

Ƙididdiga ma tana buƙatar a karanta ta da hankali. A 1982 aka gano wannan cuta a cikin shahararren masanin halittu na Jami'ar Habad, Stephen Jay Gould. Da ya duba littattafai sai ya ga tsaka-tsakin rayuwar masu ita wata 8 ne. Ya fahimci cewa ma'anar wannan ita ce rabin mutane suna wuce wata 8, wasu da nisa. Ya rayu shekara 20 bayan haka, wata sankara dabam ce ma ta yi ajalinsa a 2002. Likitan inshora nagari yakan duba irin ƙarin, da yadda ya bazu, da ƙarfin jikin mutumin da ke gabansa, kafin ya ɗora masa adadin da aka samo daga taron jama'a.

Ina muka tsaya a nan gida?

Ƙasashe fiye da 60 sun haramta asbestos: Jamus a 1993, Faransa a 1997, Ingila a 1999, Afirka ta Kudu a 2008, Kanada a 2018. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 200,000 ke mutuwa a kowace shekara saboda ƙurar da suka shaƙa a wurin aiki.

A Nijeriya, daga wajen 1960 an kafa masana'antun kwano da silin na asbestos a Legas da Inugu da Sapele, daga baya a Kano da Bauci. Makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata da yawa da su aka rufe su. Lissafin mai sauƙi ne: saurayin da ya fara yanka silin a 1980 ya cika shekara 40 da shaƙar farko a 2020, wato ya shiga tsakiyar lokacin da cutar ke bayyana. Idan ya zo asibiti da ciki cike da ruwa, abin da za a fara zato shi ne hanta ko tarin fuka, kuma zato ne mai kyau domin su suka fi yawa a wurinmu. Amma mu tuna da marasa lafiyar Kimbali. Idan magani bai karɓa ba, ya kamata a tambayi sana'a, a kuma nemi gwajin nama.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar NSITF biyan diyyar rauni da cututtukan sana'a, daga asusun da masu ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi. Wannan dabam yake da inshorar lafiya mai biyan kuɗin magani. Dokar ta kuma ƙayyade wa'adin shigar da da'awa, don haka jinkiri bayan gano cutar yana iya jawo asarar haƙƙi. Matsalar ita ce yawancin kafintoci da magina da makanikai ba su da mai ɗaukarsu aiki a rubuce, balle takardar shaida.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, shawarwari 3 sun fito. Duk wanda ya taɓa aiki da asbestos ya rubuta wuraren da ya yi aiki, da shekarun, da irin aikin, da sunayen abokan aikinsa, ya adana katin shaida da takardun albashi, ya kuma sanar da iyalinsa inda suke. Likita ya mayar da tambayar sana'a, har da ta ƙuruciya, cikin tambayoyinsa na yau da kullum, ya kuma rubuta amsar a katin majiyyaci. Mai gida kuma ya sani cewa kwano ko silin da ke zaune lafiya haɗarinsa kaɗan ne, ƙurar tana tashi ne wajen yanka da huji da fasawa da share tarkace a bushe. In ya zama dole a cire shi, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗungurungum, a naɗe tarkacen a binne, kada a bar yara su yi wasa da shi. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, a kan wannan cuta kuwa ya fi diyya ma, domin babu kuɗin da ke fitar da zaren da ya riga ya shiga. Allah ya kiyashe mu.